Shaidu Huɗu, Zuhra Ba a Tambaye Ta Ba

Ƙanwata ta dawo mini da littafin bayan kwana uku, ta dire shi a kan tabarma kamar kwanon miyar da aka manta ba a sa wa gishiri ba. Ta ce, "Yaya, wannan marubucin ya raina mini hankali. Labari ɗaya ya ba ni har sau huɗu. Mutumin da na tsana, da na zo ƙarshe sai ga ni ina jin tausayinsa ba da son raina ba. Ita kuwa yarinyar da nake ta jira in ji ta bakinta, har aka rufe littafin ba a ba ta dama ta faɗi nata ba."

Littafin shi ne Miramar na Najib Mahfuz, marubucin Masar da aka haifa a Alƙahira a 1911, ya rasu a 2006, wanda a 1988 ya zama marubucin Larabci na farko da ya samu kyautar Nobel ta adabi. Miramar ya fito a 1967. Ba shi da kauri, mai Larabci sosai zai iya cinye shi a dare biyu. Ƙanwata kuwa ba baƙuwar karatu ba ce, ta yi Larabci a makaranta, kuma littattafan Hausa da ake saki shafi-shafi a waya ba wanda ke wuce ta. Don haka da ta ce an raina mata hankali ban ɗauki maganar da wasa ba. Duk ƙorafinta uku gaskiya ne. Inda muka rabu kawai, ita tana ganin kuskure ne, ni kuwa ina ganin da gangan aka gina gidan a haka. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya sani zan fasa ƙwai a nan, domin ba a fashin baƙin littafin sirri da baki a rufe.

Miramar sunan wani ƙaramin masauki ne a Iskandariyya, bakin Bahar Rum, irin gidan da ake kama ɗaki na wata da watanni, a karya kumallo tare a tebur ɗaya. Mai gidan, Mariyana, tsohuwa ce 'yar asalin Girka, ragowar Turawan da suka taɓa cika birnin. Da hunturu ya shigo, maza biyar suka taru a gidan. Akwai Amir Wajdi, tsohon ɗan jarida da ya kai shekara tamanin, wanda ya yi zamani da jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Wafd da jagoranta Sa'ad Zaglul da boren 1919 na adawa da mulkin Ingila. Akwai Ɗulba Marzuƙ, tsohon babban ma'aikacin gwamnati kuma mai gonaki, wanda sabuwar gwamnati ta ƙwace wa dukiya. Sai samari uku: Husni Allam, ɗan gidan masu ƙasa, yana da gona fadan 100 (fadan ma'aunin gona ne, ya ɗan ɗara eka ɗaya kaɗan) amma ba shi da takardar makaranta, Mansur Bahi, ma'aikacin gidan rediyo, da Sarhan al-Buhairi, akanta a kamfanin saƙa, ɗan ƙauye da ya yi karatu ya shiga jam'iyyar gwamnati yana neman hawa sama ta kowace hanya. A tsakiyarsu duka akwai Zuhra, 'yar ƙauye daga lardin Buhaira, wadda ta gudo bayan rasuwar mahaifinta don kakanta ya so ya aurar da ita ga wani tsoho. Ita ke share ɗakuna, ita ke kai shayi.

Mutum bakwai ke nan a gida ɗaya. Huɗu aka miƙa wa alƙalami: Amir, Husni, Mansur, Sarhan, sannan Amir ya dawo ya rufe. Kowannensu yana cewa "ni", kowannensu yana faro labarin daga wajajen lokacin da ya shigo gidan, ya bi kusan makonni iri ɗaya. A ƙarshen kashin farko, ta bakin Amir, mai karatu ya riga ya ji cewa an tsinci gawar Sarhan a gefen hanya.

Mu fara da maimaicin, tunda shi ya fara ƙona mata rai. Mu da muka tashi a gaban kaka tana cewa ga ta nan ga ta nanku, mun saba da mai ba da labari wanda ya san komai. Ya san abin da ke cikin Gizo, ya san abin da Ƙoƙi ke ƙullawa, ba ya ƙarya, ba ya mantuwa, kuma ba shi da wani amfani a cikin rigimar. Yawancin littattafanmu na soyayya sun gaji wannan muryar. Marubuciya na shiga ɗakin uwargida ta fito ta shiga na amarya, ta gaya mana abin da kowacce ke saƙawa a zuci. A irin wannan ginin, in aka sake ba da abin da ya riga ya faru, lallai ɓata takarda ne, domin tun karon farko an faɗe shi cikakke.

A Miramar babu karon da aka faɗe shi cikakke. Ɗauki daren da aka taru sauraron Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar. A Masar ta wancan zamani, Alhamis ɗin farko ta kowane wata mawaƙiyar na yin waƙa a rediyo, gari ya yi tsit, a taru a gidaje da shagunan shayi. Mazauna Miramar ma sun taru, an kawo abinci da abin sha, an yi hira, an taɓo siyasa. Wannan dare ɗaya ana dawo mana da shi ta baki bayan baki. Ga Amir, dare ne na tuna ƙuruciya, yana kallon samari da idon kaka. Ga Husni, taron munafukai ne, yana murmushi a fuska yana zagin juyin juya halin sojoji na 1952 a ciki, idonsa kuma na kan jikin Zuhra. Mansur yana zaune a wurin amma ransa na can wajen abokan da ya bari. Sarhan kuwa awo yake yi: wa ke da kuɗin da za a yi hulɗa da shi, wa ya kamata a yi taka-tsantsan da shi. Kalmomin da aka furta a tebur ba su canza ba. Abin da ya canza shi ne nauyinsu. Maganar da ka ɗauka ladabi ce a karon farko, a karo na biyu sai ka gane tsoro ne, a na uku ka gane tarko ne.

A nan ne siyasa ta shigo, kuma ba ado ba ce. A 1952 matasan hafsoshin soja suka kifar da Sarki Faruƙ. A wannan shekarar aka yi dokar da ta hana mutum ɗaya mallakar gona fiye da fadan 200, a 1961 aka rage zuwa 100. Aka rushe tsofaffin jam'iyyu, aka ƙwace dukiyar wasu manya, aka ɗaure 'yan kwaminisanci da 'yan ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi a lokuta daban-daban, ƙasa ta koma hannun Jamal Abdul Nasir da jam'iyya ɗaya. A irin wannan yanayi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda aka ƙwace wa gona yana yabon waɗanda suka ƙwace, domin bai san ko saurayin da ke miƙo masa burodi ɗan rahoto ba ne. In marubuci na so ya nuna ƙasar da bakin kowa ya rabu da zuciyarsa, mai ba da labari ɗaya ba zai wadatar ba. Dole a zaunar da kai a waje ka ji abin da aka ce, sannan a shigar da kai ciki ka ji abin da ake nufi, mutum bayan mutum. Maimaicin da ya gajiyar da ƙanwata, da shi ake auna tazarar da ke tsakanin biyun.

Yana da kyau a bambanta wannan da wasu dabaru biyu da ake yawan haɗa su da shi. Akwai wani littafin binciken kisa na marubuciyar Ingila Agatha Christie da ya fito a 1926, inda a ƙarshe ake gane cewa mai ba da labarin shi ne ya yi kisan. Wannan ɓoyo ne da sani: ya san gaskiya, ya zaɓi kalmominsa don kada ka gani. Akwai kuma gajeren labarin Akutagawa na Japan, na 1922, wanda mai shirya fim Kurosawa ya gina fim ɗin Rashomon a kansa a 1950, inda shaidu ke ƙaryata juna ƙiri-ƙiri: ɗan fashi ya ce shi ya yi kisan, matar ta ce ita ce, mamacin ma ta bakin mai bori ya ce shi ya kashe kansa. Can ana so ka fita kana shakkar ko akwai gaskiya ɗaya ma. Mahfuz bai bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba. Shaidunsa ba sa yi maka ƙarya, kuma ba sa jayayya a kan abin da ya faru. An yi faɗa a falo, kowa ya yarda an yi. Matsalarsu ita ce kowa ta ramin ƙofarsa yake leƙe, kuma ramin an fafe shi daidai da siffar ciwon da ke damunsa.

Mansur shi ne misalin da ya fi tsaya mini a rai. Yayansa babban jami'in 'yan sanda ne, shi ya tilasta masa barin Alƙahira da abokan gwagwarmayarsa kafin a yi kame. Abokan suka shiga kurkuku, shi ya tsira, sannan ya koma yana neman matar wanda ya kasance malaminsa kuma amininsa, alhali mijin na tsare. Mutum ne da ke ganin kansa maci amana dare da rana. Da ya ga Sarhan ya yaudari Zuhra ya watsar da ita, sai ƙiyayyar da yake yi wa kansa ta samu fuskar da za ta sauka a kai. Ya bi Sarhan cikin dare da niyyar kisa, ya same shi kwance a hanya, ya yi ta shurinsa, ya koma ya kai kansa ga hukuma cewa shi ya kashe shi. Bai yi ƙarya ba, haka ya yi imani. Sai binciken likita ya nuna Sarhan ya yanke jijiyar hannunsa ne da reza. Mai karatun da ya gama kashin Mansur yana cewa to, an gano mai laifi, sai a karɓe masa wannan tabbacin a hannu.

Wannan wani irin sirri ne daban da wanda muka saba. A littattafan da ƙanwata ke bi a waya, sirri kaya ne da marubuci ya kulle a adaka: wane ne ainihin uban yarinyar, wa ya kai suna wurin boka, wa ya sauya jariri a asibiti. Ana ja maka rai shafi ɗari, ranar tonon asiri a buɗe adaka, mugu ya sha kunya a gaban dangi, mai karatu ya samu ladan haƙurinsa. Ba na raina wannan, daɗinsa daɗi ne na gaske, ni ma na sha raba dare a kansa. Amma sirrin Mansur ba a adaka yake ba. Abin da ya ɓoye, kansa ya ɓoye wa. Bai san cewa ba Sarhan yake shuri ba. Mai karatu ne kaɗai ke tsaye inda zai iya ganin haka, kuma ba wanda zai zo ya tabbatar masa a shafi na ƙarshe. Shi ya sa mutum ke rufe littafin yana jin kamar an ba shi aiki maimakon a biya shi lada.

Sai batun tausayin da ya kama ta ba da son ranta ba. A nan jerin da aka bi shi ne komai. Sau uku ana nuna mana Sarhan daga waje: mai fara'a, mai daɗin baki, mai wa'azin gurguzu da adalci ga talaka, wanda ya yi wa Zuhra alkawarin so amma ya ƙi aurenta don ba ta da ilimi ba ta da dangin da za su ɗaga shi. Abin da ya fi ciwo, da Zuhra ta ɗauki malama tana koyon karatu don ta kai matsayinsa, sai ya koma neman auren malamar. Ka gama yanke masa hukunci, ka san ma ya mutu. Sannan a buɗe sabon babi, mamacin ya ce "ni".

Ba a wanke shi ba. Duk abin da aka ce ya yi, ya yi, har da ƙari: yana cikin shirin sace zare a mota daga kamfaninsu tare da wani injiniya, a sayar a kasuwar bayan fage. Amma yanzu kana cikin kansa. Ka ga albashin da ba ya kaiwa ƙarshen wata, ka ga dangi a ƙauye da suka zuba ido ga ɗansu mai digiri, ka ga cewa son da yake yi wa Zuhra ba duka ne ƙarya ba, kawai dai yana son mota da gida fiye da ita. Kuma duk lissafin da yake yi na gobe, kai ka san gobe ba za ta zo ba. Da labari ya iso masa cewa asirin satar ya tonu, ya zauna yana sha, ya nemi a ba shi reza, kai ka riga shi sanin inda hanyar ta nufa. Da a ce da kashinsa aka buɗe littafin, da mun shaƙu da shi tun farko mu yi ta nema masa uzuri. Da ba a ba shi baki ba sam, da mun tsane shi hankali kwance. An jira sai da ƙiyayyar ta nuna sannan aka sa mu zauna a cikin rigarsa. Abin da ƙanwata ta kira raina hankali, a ganina, haushin alƙali ne da ya riga ya buga guduma sannan aka shigo da wanda ake ƙara.

Na ukun shi ne babba, kuma a kansa na fi jinkirin ba ta amsa. Me ya sa ba a ba Zuhra babi ba? Ita ce igiyar da ta ɗaure littafin. Husni na ganin ta abin more rayuwa, har ya kai mata hannu cikin maye ta kare kanta. Sarhan na son ta ba tare da ɗaurin aure ba. Mansur ya nemi aurenta, amma don ya wanke kansa ne, ita ma ta gane ta ƙi. Ɗulba na yi mata kallon raini da zargi. Wani mai sayar da jaridu ya nemi aurenta, ta ƙi shi saboda ta ji irin maganar wulaƙanci da yake yi a kan mata. 'Yan uwanta sun zo daga ƙauye su mayar da ita, ta ce ba inda za ta. Muna jin maganganunta, gajeru, masu kaifi, amma kullum ta kunnen wani namiji. Ba mu taɓa kwana a cikin kanta ba ko dare ɗaya. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ga shi an ba mutum huɗu waƙarta su rera.

Amsar da masu nazari suka fi bayarwa ita ce Zuhra Masar ce kanta: ƙasar manoma, kyakkyawa, mai taurin kai, wadda tsohon mai mulki da ɗan boko da ɗan jam'iyya kowa ke cewa shi ne masoyinta, kowa kuma da abin da yake so ya ci. Akwai gaskiya a ciki, musamman in aka tuna littafin ya fito a shekarar da Masar ta sha kashi a hannun Isra'ila a yaƙin kwana shida, abin da ya sa mutane da yawa suka koma suna karanta shi kamar gargaɗi. Amma ni wannan fassarar ba ta ishe ni ba, har tana ɗan ba ni haushi. Wanda ya ce Zuhra ƙasa ce, shi ma ya zama namiji na biyar da ya kalle ta ya ga abin da ke ransa. Yarinya ce da ta noma 'yar gonarta da hannunta, ta gudu daga auren dole, ta ware daga ɗan abin da take samu tana biyan kuɗin koyon alif da ba.

Abin da na gaya wa ƙanwata shi ne, shirun nan shi ne sirrin littafin na ainihi, ba mutuwar Sarhan ba. Yadda Sarhan ya mutu an warware shi a 'yan layuka. Abin da Zuhra ke tunani game da su duka, shi ne ba a warware ba. Kuma da an ba ta babi, da an kashe abin da ake so ka ji. Gidan Miramar wuri ne da kowa ke magana a kanta ba wanda ya tambaye ta. Mai karatu da ya kai ƙarshe yana jin ƙishin muryarta ya ɗanɗani rashin adalcin da kansa, ba labarinsa aka ba shi ba. Ta ce, "To Yaya, ai shi ma marubucin namiji ne. Wa ya sani ko bai iya shiga kanta ba ne, ya mayar da gazawarsa dabara?" Ban da abin da zan kare shi da shi a nan sai cewa a wasu littattafansa ya shiga zukatan mata ya zauna. Amma tambayar tata ba ta faɗi ƙasa ba, kuma ina zargin mace da namiji ba sa rufe wannan littafin da irin ciwo ɗaya. Fim ɗin da Kamal al-Shaikh ya yi a 1969, inda Shadiya ta fito a Zuhra, ya sauƙaƙa abin ta wata fuska, domin kyamara na nuna fuskar yarinyar kai tsaye ba sai ta idon wani ba, labarin zuciya kuwa a tambayi fuska. A takarda babu wannan rangwamen.

Saura Amir Wajdi, wanda aka ba buɗewa da rufewa. Shi ne muryar da mai karatu ke jingina da ita, musamman mu da aka koya wa cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsoho ne, ba ya neman komai a jikin Zuhra, yana yi mata addu'a, yana komawa ga Suratur Rahman idan zuciyarsa ta yi nauyi, da ayoyinta ma aka rufe littafin bayan Mariyana ta sallami yarinyar daga aiki. Ni na karɓi shaidarsa ba tare da bincike ba a karatuna na farko. Ƙanwata ce ta ɓata mini wannan. Ta ce tsohon bai yi aure ba, ba shi da ɗa, duniyar da ya yi wa hidima ta manta da shi, to me zai hana shi ma ya ga 'yar da bai haifa ba a fuskar mai kawo masa kofi? Ƙaunarsa ta fi ta sauran tsabta, amma ita ma daga yunwarsa ta fito. Da ya ce wa Zuhra lokacinta bai tafi a banza ba, wa yake lallashi, ita ko kansa?

Na koma na sake karanta kashinsa na ƙarshe da wannan tambayar a raina, na kasa karanta shi yadda na saba. Washegari da safe na nemi littafin a inda na ajiye ban gan shi ba. Ashe ta sake ɗauka. Ta aiko mini da saƙo cewa wannan karon daga babin Sarhan za ta fara, ta bi su a juye har zuwa tsohon, ta ga ko wanda za ta tsana zai canza.